Abin da Adda Ta Faɗa wa Akawu

Tun ƙarfe tara na safe Aminatu take buga sunaye a kwamfutar nan, kuma tun ƙarfe taran uwarta Hindu take zaune a bayanta a kan benci, ta naɗe hannuwa a cikin mayafi, ko kallon inda take ba ta yi ba.

Maganar gona ce ta haɗa su ɗaki ɗaya, in ba haka ba shekara huɗu ke nan ba su sha inuwa guda ba. Gonar shinkafa ce a Lagdo, a ƙasan madatsar ruwa, wadda ke gindin kanya. Shekara ashirin da shida Hindu tana noma ta, tun bayan rasuwar mijinta Ilyasu Mai Banda. Sai bara wani Ɗanmalam, mai gonar da ke jikin tata, ya samu shugabancin ƙungiyar manoma, ya wayi gari ya ce gonar nan ba ta da mai ita a takarda, don haka ƙungiya ta mallaka masa. Hindu ta ce ƙarya yake, ita da ƙafarta ta tsaya gaban akawu aka rubuta. To ina takardar? Ba a ba ta ko ƙyalle ba, lambobin gonakin kuma sau biyu ana sake su tun wancan lokaci.

Da magana ta kai kotu, alƙali ya sa aka kwaso takardun ƙungiyar kaf, kwali arba'in da ɗoriya, aka ɗauki hoton kowane shafi aka zuba a kwamfuta a wani ofishi da ke Garwa. A saman allon akwai wani farin gurbi. Ka buga kalma da hannunka ka danna, na'urar ta kawo maka duk shafin da kalmar take ciki. Abin da ka buga kuwa tana ajiye shi da lokacinsa, alƙali zai gani. Kowane ɓangare an ba shi wuni guda. Jiya na Ɗanmalam ne, yau Alhamis na Hindu, zuwa ƙarfe huɗu. In huɗu ta buga babu takarda, Marcel, ma'aikacin da kotu ta ɗora a kan na'urar, zai rufe ya rubuta cewa ba a samu komai ba, gona kuma ta tafi ke nan.

Aminatu sakatariya ce a ofishin Metir Léontine, lauyar da ta karɓi shari'ar. Kada wani ya ce tausayi ne ya sa ta kai maganar gun uwar ɗakinta. Ƙanenta Brahim ne ya dame ta da waya safe da yamma har ta gaji.

Ita ce 'yar farin Hindu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta matar nan ta wuce misali. Ana yaye Aminatu aka kawo ta Garwa wurin Inna, kakarta ta wajen uba, a nan ta girma, a nan ta yi makaranta. Uwar da ta haife ta kuwa Adda take ce mata, kamar wata yayarta. A shekara talatin da uku da ta yi a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Hindu ba, ko da kuskure. Kai, magana ma ba ta yi mata kai tsaye, sai dai ta juya ga wanda ke kusa ta ce a faɗa mata. In an kai ta Lagdo hutu, sai ta ji daga ɗaki ana cewa, “A zuba wa Baƙuwa abinci.” Brahim ana kiransa har da lanƙwasa murya, ita kuwa Baƙuwa. Mutane suna cewa ai alkunya ce, haka aka gada. Aminatu ta ce su riƙe gadonsu, ita dai ƙiyayya ta gani.

Abu ɗaya ne yake zuwa daga Lagdo, buhun shinkafa biyu duk girbi, babu saƙo babu gaisuwa. Ranar da Inna ta rasu, Hindu ta zo zaman makoki ta yi wa kowa ta'aziyya da sunansa, ta tsallake Aminatu, wadda ta yi jinyar tsohuwar wata tara. Tun daga shekarar, buhunan na sauka a tasha Aminatu take sa a mayar da su a motar da ta kawo su.

Ta fara da sunan mahaifinta. Ilyasu ya kawo shafi ɗari uku da sha biyu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga Ilyasun da awakinsa suka ci irin wani, ga wanda ya kai ƙarar an toshe masa ƙofar ruwa, ga wani daga Yagwa da ya zo ya yi damina ɗaya ya gudu. Ubanta ba ya ciki. Ta buga Mai Banda, ta sake buga shi yadda akawun da ya yi karatun Faransanci zai rubuta, babu. Ta buga Hindu, mata tara suka fito, ba ko ɗaya mai gona a gindin kanya. Ta buga Brahim tana cije leɓe, don a ranta ta riga ta yanke cewa in da wanda aka rubuta wa gonar to shi ne. Shi ma babu.

Zafin Garwa na watan huɗu ya cika ɗakin, fanka ɗaya ce, ita ma Ɗanmalam ya ja kujerarsa ya tare ta. Doka ta ba shi damar ya zauna ya ga abin da ake yi, shi kuwa ya zauna daram da babbar riga, yana tauna goro yana tofar da tuƙa a cikin 'yar takarda.

“'Yata, kina wahalar da yatsunki,” ya ce. “Jiya lauyana ya birkice na'urar nan ciki da bai. Hajiya, da kin haƙura kin koma gida kin huta, shekaru sun ja.”

Hindu ta kawar da kai. Aminatu kuwa ta ji kamar ta ɗauki kwamfutar ta kwaɗa masa.

Ta buga kalmar da akawuna ke sa wa matar da mijinta ya mutu, shafi ɗari shida suka zubo. Ta buga shekarar da abin ya faru, dubu huɗu da wani abu. Wa zai karanta shafi dubu huɗu kafin la'asar? Da sha biyu ta wuce sai ta juyo da kujerarta.

“Adda, ranar da kika je gun akawun, me kika faɗa masa?”

Hindu ta dubi Marcel. “Musye, ka ce mata abin da ya tambaye ni shi na faɗa masa.”

Marcel mutumin duwatsun arewa ne, a kasuwa ya koyi Hausa, kuma tun safe ake aikensa tsakanin mata biyun da ko taku uku babu a tsakaninsu. Ya share gumi ya ce, “Madam, ta ce abin da ya tambaye ta.”

“Na ji, ba kurma ba ce ni. Me ya tambaye ki, Adda?”

“Musye, ka ce mata ya tambayi sunan mai gona.”

“Sai kika ce wa?”

Hindu ta gyara mayafinta ta zuba wa bango ido.

“Sunan Baba kika faɗa? Na san bakinki ba ya kama shi. To me kika ce a madadinsa? Maigida? Malam? Ko da garinsu kika kira shi, Na Bogo?” Duk ta buga su tana faɗa. Maigida ya kawo shara, Malam ya kawo dubu biyu, Na Bogo babu ko ɗaya.

Wajen ƙarfe biyu Metir Léontine ta leƙo daga kotu, takalminta na ƙwas-ƙwas, ta duba jerin abin da aka buga, ta ga kalma saba'in da ɗaya babu abin kamawa. Ta ja Aminatu gefe ta ce mata da Faransanci, ba tare da ta rage murya ba, ita fa ba ta saba shiga gaban alƙali hannu rabbana ba, kuma in tsohuwar nan ta san babu takarda gara ta faɗa tun yanzu. Ɗanmalam yana jin Faransanci sarai, ya yi murmushi ya ɓare wani goron.

Aka tsaya salla, aka dawo. Uku saura kwata, uku, uku da minti goma. Yatsun Aminatu sun yi tsami, idanunta na yaji, bayan rigarta ya jiƙe sharkaf. Ta buga kanya, ta buga sunan unguwarsu, ta buga sunan kakanta na wajen uwa. Farin gurbin nan ya yi ta haɗiye kalmomi yana mayar mata da sifili. A bayanta kuwa matar da ta san amsa tana zaune tana jan carbi a ƙarƙashin mayafi.

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta ture kujera ta miƙe.

“Adda, wallahi kin cuce ni. Na bar aikina, na zubar da mutuncina gaban uwar ɗakina, na zauna tun safe ina tonon shara saboda gonarki, ke kuwa buɗe baki ya gagare ki. Gonar da ko zangarniya ɗaya ba ni da ita a ciki. Ko allura kin taɓa ba ni? Ko sannu kin taɓa ce mini? In kin ga dama ki faɗa, in ba ki ga dama ba mutumin nan ya cinye ta, ya ƙara da kanyar.”

Fuskar Hindu ba ta motsa ba. Ta dubi Marcel ta ce, “Musye, ka ce wa Baƙuwa ta rage murya, nan ba gidanta ba ne.”

Marcel ya waiga hagu da dama. “Wace baƙuwa? Madam ai ma'aikaciya ce.”

Ɗanmalam ya tuntsire da dariya har goro ya sarƙe shi. Dariyar nan ce ta ƙarasa Aminatu. Ta koma ta zauna da ƙarfi ta jawo allon rubutu.

“Ni ce Baƙuwa, Musye Marcel. Shi ne kaɗai sunan da bakinta ya iya. Bari in buga shi ma, alƙali ya gani, ya san irin uwar da Allah ya ba ni.”

“Kada ki buga.”

Aminatu ta tsaya cak. Muryar Hindu ce, kuma ba ta bi ta kan Marcel ba. Tunda take, wannan ne karon farko da matar nan ta dube ta ta yi mata magana baki da baki, kuma abin da ta samu ke nan, hani. Sai abin ya ƙara tunzura ta. Ta buga haruffan tana dukansu kamar da su take faɗa, yadda akawu zai rubuta, ta danna.

Shafi ɗaya ya fito.

Tsohuwar takarda ce da aka buga da tafireta, gefenta gara ta ci, ga hatimin ƙungiya ya dushe, ga dangwalen babban yatsa a ƙasa. Marcel ya matso ya karanta a bayyane, yana mayarwa da Hausa kamar yadda aikinsa ya ce. Gona mai iyaka da itacen kanya ta gabas. Wadda ta kawo bayani, matar marigayi mai sayar da busasshen kifi. Mai gona, Baƙuwa, 'yar farin mai bayani, shekara bakwai, tana zaune a Garwa wurin kakarta. Uwar za ta noma mata har ta girma. A ƙasa akawun ya ƙara layi ɗaya: an tambayi mai bayani cikakken sunan yarinyar sau uku, ta ƙi faɗa.

Aminatu ta sake karanta layin da kanta, da Faransancinsa, ko Marcel ya yi kuskure. Bai yi ba. Shekara bakwai. A shekarar ce aka kai ta Lagdo hutu ta yi zazzaɓi, ta kwana tana kiran Adda, wata maƙwabciya ce ta zo ta shafa mata kai. Ashe a cikin watannin nan Hindu ta taka ta je ta rubuta mata gona. Ba daɗi Aminatu ta ji ba, wani irin baƙin ciki ne ya tokare mata ƙirji, don shekara ashirin da shida ana barinta da ƙiyayyar da ta ɗauka a kai, alhali kalma ɗaya ta isa.

Metir Léontine, wadda ta dawo ana cikin karatun, ta ce Marcel ya yi wa shafin alama ya haɗa da rahotonsa. Ƙarfe uku da minti arba'in.

Amma Ɗanmalam ba a banza ya ci shugabancin ƙungiya ba. Ya ajiye goronsa ya gyara zama.

“Madalla, an samu takarda. To wace ce Baƙuwa? Ni dai ban san mai wannan suna a katin ɗan ƙasa ba. 'Yar fari kuma, wa ya sani ko akwai wata da ta rasu kafin wannan? Mai bayani tana nan da ranta. Ta buɗe baki ta faɗi sunan, Musye ya rubuta, ni kuma in tashi in kama hanyar Lagdo.”

Ya san abin da yake yi, ɗan garinsu ne, ya san Hindu tun tana amarya. Metir Léontine ta tambayi Marcel ko dole ne. Marcel ya buɗe takardar umarnin alƙali ya bi da yatsa. Ya ce hanya biyu ce: ko mai bayani ta faɗi sunan da bakinta, ko wadda ake nufi ta faɗi sunanta ta ce ita ce, mai bayani ta dangwala yatsa a kai. Amma kafin huɗu, don huɗu na yi zai rufe.

“To ai shi ke nan,” in ji Metir Léontine. “Aminatu, faɗi sunanki mu tashi.”

Aminatu ba ta faɗa ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci uwarta sosai.

“A'a. Ita za ta faɗa.”

“Kin haukace ne?” lauyar ta ce da Faransanci.

“Gonata ce, ko ba haka takarda ta ce ba? To na yarda ta salwanta. Adda, ga ni, ga ki. Ke kika haife ni, kina ɗaki aka raɗa mini suna, kin ji shi da kunnenki. Ki faɗa sau ɗaya.”

“Gaskiyar 'yata,” in ji Ɗanmalam da sauri. “Ta faɗa mana.”

Jin bakinsa a bayan maganarta ya sa Aminatu ta farga. Ta ga ita da ɓarawon gonar sun tsaya layi ɗaya suna matsa wa tsohuwa guda. Ta ji kunya, amma ba ta janye ba, don abin da take nema ta fi shekara talatin tana nemansa.

Hindu ta dube ta. Leɓunanta suka motsa, maƙogwaronta ya yi sama ya yi ƙasa, har Marcel ya ɗora biro a kan takarda. Babu abin da ya fito. Sai ta sunkuya ta ɗauki 'yar jakar ledarta, ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta ce wa Marcel, “Musye, Allah ya ba da lada. A bar masa.”

Ta nufi ƙofa. Huɗu saura minti takwas. Aminatu ta bi ta da kallo, idonta ya sauka a kan dugaduganta a cikin silifa, duk sun tsattsage, taɓon gona ya shige faso ya yi baƙi, irin wanda wanki ba ya fitarwa. Da gaske tafiya za ta yi. Za ta bar gonar da ta yi shekara ashirin da shida tana tsaye cikin ruwanta, ta koma Lagdo ta zauna babu komai, da dai ta furta kalmar nan. Aminatu ta gane ba za ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, ko yau, ko ranar da ɗayarsu za ta kwanta ciwon ajali.

“Musye Marcel, rubuta,” in ji Aminatu. “Aminatu Ilyasu. Ni ce Baƙuwa.”

Marcel ya rubuta da sauri, ya ɗauki tawada ya bi Hindu har bakin ƙofa. Ta tsaya, ta miƙa masa babban yatsa ba tare da ta waiwayo ba, ya dangwala. Metir Léontine ta sa hannu. Ɗanmalam ya ƙi sawa, Marcel ya rubuta cewa ya ƙi, ya duba agogo ya rufe na'urar. Ɗanmalam ya tattara rigarsa ya fice yana cewa za a haɗu a kotu, ya bar tuƙar goronsa a kan kujera.

Aminatu tana zaune gaban allon da ya yi baƙi, ta kasa tashi. Ba ta yi kuka ba, haushi bai bar ta ba. Ta ji uwarta a bakin ƙofa tana goge yatsa da gefen mayafi, sannan ta ji ta yi gyaran murya.

“Musye.”

“Na'am, Hajiya.”

“Ka ce mata girbi saura sati uku. Bana kada ta mayar da buhunan, ba kyauta nake aiko mata ba. Shinkafarta ce.”

Marcel ya buɗe baki zai maimaita, Aminatu ta ɗaga masa hannu.

“Ka ce mata na ji,” ta ce.